Katin Kwikwiyo da Karen Mafarauci: Wace Allura Ce Ta Wajaba?

Duk likitan dabbobin da ya yi aiki a Kano, Kaduna, Jos ko Abuja ya san wannan warin. Tun kafin a sauke kwalin daga bayan mota hancinsa ya gaya masa abin da ke ciki. Kwikwiyo ne ɗan wata uku, idanu sun faɗa, haƙarƙari sun bayyana, ya yi kwance a kan tsumman da gudawa mai jini ta jiƙa. In ka ja fatar wuyansa ka saki, sai ta tsaya cak, ba ta koma ba, don ruwan jikinsa ya ƙare. Mai shi kuwa yana tsaye, ransa a ɓace, yana miƙa wata 'yar takarda: “Likita, wallahi an yi masa allura. Ga ma katinsa, da shi aka sayar mini.”

Sai likita ya buɗe katin. Layi ɗaya ne a cike, da biro, kwanan watan kuma ya nuna an yi allurar yana ɗan sati shida. Babu takardar kwalba a manne, babu hatimi, sa hannun ma ba ya karantuwa. Mai karen bai yi ƙarya ba, mai yiwuwa ne ma wanda ya sayar masa bai yi ba. An yi allura. Sai dai allura ɗaya a sati shida ba lallai ne ta kare kwikwiyo ba, kuma wannan ne abin da yawancin masu kiwon karnuka a garuruwanmu ba a taɓa zaunar da su aka yi musu bayaninsa ba.

Cutar da ke cikin kwalin ita ce farbo. Ba tsohuwar cuta ba ce. A 1978 aka fara ganinta, kuma cikin shekara biyu ta karaɗe duniya. Ƙwayarta na cinye bangon hanji, tana kuma da taurin rai: takan yi watanni a ƙasar tsakar gida tana jiran wani kwikwiyon, sabulu ba ya kashe ta, sai an wanke wurin da bilic. Shi ya sa za ka ga gida ɗaya an yi asarar kwiyakwiyai uku a jere, har a fara zargin maƙwabci da sa guba.

Abin da likitocin duniya suka daidaita a kai

Akwai ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, wadda ke da kwamiti na musamman kan rigakafi. Ta fitar da ƙa'idojinta na farko a 2007, ta yi musu kwaskwarima a 2010 da 2016, na baya-bayan nan kuma suka fito a 2024. Ba doka ba ce, shawara ce, amma ita ce madubin da likitoci a ƙasashe da dama ke dubawa. Ginshiƙinta shi ne raba allurai gida biyu: waɗanda kowane kare da kowace kyanwa ke bukata ko ina suke, da waɗanda sai an duba inda dabbar ke zaune da irin rayuwar da take yi.

A wajen kare, na dole guda uku ne. Akwai farbo da aka ambata. Akwai ciwon hantar karnuka, wanda wani lokaci ke bar wa karen da ya tsira shuɗin ido. Sai distemfa, wadda ke farawa kamar mura, da majina da kwantsa, ta gangara ciki, daga baya ta hau ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa karkarwa yana tauna iska, tafin ƙafarsa ya yi tauri. Makiyayi zai fi kowa fahimtar haɗarinta in aka ce masa 'yar'uwar bushiya ce, cutar shanun da ta gigita kakanninsa kafin a shelanta kawar da ita daga duniya a 2011. Dangi ɗaya suke da ƙyanda ta yara. Ba ta tsaya kan karnuka ba. A 1994 ta shiga gandun dajin Serengeti na Tanzaniya ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, kuma karnukan ƙauyukan da ke kewaye aka fi zargi da kai ta.

A kan waɗannan uku sai a ɗora haukan kare a duk ƙasar da cutar take, mu kuwa muna sahun gaba. Ƙa'idojin 2024 sun kuma shigar da lefto cikin na dole a yankunan da take yaɗuwa. Ita lefto bakteriya ce da ke fitowa daga fitsarin ɓera, ta zauna a ruwan da ya kwanta, ta lalata ƙoda da hanta, tana kuma kama mutum. Wanda ya san yadda kwatocinmu ke cika da damina, ga ɓeraye, ga karnuka na lasar ruwan, ba ya bukatar dogon bayani.

Abin sauƙin shi ne ba sai an yi ta huda dabba sau biyar ba. Allurar da ake samu a asibitocin dabbobi na Najeriya, wadda ke ɗauke da haruffan DHLPP, ta haɗa distemfa, ciwon hanta, lefto, farbo da wani nau'in tari a sirinji ɗaya. Ta haukan kare ce ke zuwa daban.

Su kuwa allurai na zaɓi, a nan ne likita mai amana ke bambanta da ɗan kasuwa. Allurar tarin da karnuka ke ɗauka in an cunkusa su wuri ɗaya tana da amfani ga mai gidan kiwo ko rundunar da ke riƙe da karnukan aiki da yawa. Karen da ke gadin gida shi kaɗai bai cika bukatarta ba. Allurar cutar Lyme an yi ta ne don wata kaska da ke Amurka da Turai. Kaskarmu tata cutar daban ce, ita ce ke shanye jinin kare har dasashinsa ya yi fari, kuma ba ta cikin waccan kwalba. Maganinta cire kaska da feshi a kan kari. Akwai ma allurar da WSAVA ta ce kada a yi gaba ɗaya don ba a ga amfaninta ba, kamar ta bairos ɗin korona na hanjin kare.

Me ya sa allura ɗaya ba ta isa ba

Sirrin yana cikin dakashi. Kwikwiyo na zuwa duniya kusan babu garkuwa. A yini ɗaya ko biyu na farko, nonon farin nan mai kauri da yake tsotsa ne ke zuba masa kariyar uwarsa kai tsaye cikin jini. Kariyar aro ce, tana raguwa sati bayan sati. Matsalar ita ce, muddin tana da ƙarfi, ba ta bambanta cuta da allura: in aka yi wa kwikwiyo rigakafi, sai ta kashe abin da ke cikin allurar tun kafin jikinsa ya koyi komai daga gare shi. Sannan akwai wani ɗan tsakani mai haɗari, lokacin da kariyar uwar ta yi raunin da ba za ta tare farbo ba, amma tana da sauran ƙarfin ɓata allura.

Babu mai iya duban kwikwiyo ya ce ga ranar da wannan kariya za ta ƙare masa. Cikin 'ya'yan karya ɗaya, wanda ya fi ƙarfin tsotso zai riƙe tasa har wata uku ko fiye, wanda aka danne a ƙasa tasa ta ƙare tun sati shida. Don haka ake maimaitawa: a fara tsakanin sati 6 zuwa 8, a sake duk bayan sati 2 zuwa 4, kada kuma a yi ta ƙarshe sai ya kai sati 16 ko ya wuce. Mutane na ɗaukar allura ta biyu da ta uku a matsayin ƙarin ƙarfi a kan ta farko. Ba haka ba ne. Laluben ranar da ƙofa ta buɗe ake yi, kuma ta sati 16 ɗin nan ita ce mai muhimmanci, ita ce kuma aka fi tsallakewa, don a lokacin kwikwiyo ya yi ɓul-ɓul yana wasa, mai shi ya ga kamar asarar kuɗi ce.

Tsarin kasuwar ma yana taimaka wa cutar. Masu kiwo don sayarwa sukan raba kwikwiyo da uwarsa tun yana sati shida ko bakwai, a yi masa allura ɗaya don a samu abin rubutawa a kati, a ɗora shi a mota daga Jos ko Legas, a ajiye shi cikin keji tare da wasu da ba a san daga inda suka fito ba. Mai saye ya karɓa da zaton an gama komai. Ya kamata duk wanda ya sayi kwikwiyo ya ɗauka ba a fara ba, ya wuce da shi wurin likita, kuma ya tsare shi daga yawo a titi da cuɗanya da baƙin karnuka har sai an kammala.

Bayan ta sati 16, sababbin ƙa'idojin sun ce a ƙara ɗaya in ya kai wata shida, maimakon jiran shekara kamar da, don a kamo 'yan tsirarun da har a sati 16 kariyar uwa ba ta sake su ba. Daga nan fa, allurar distemfa, ciwon hanta da farbo ba sai an yi ta kowace shekara ba. Shekara uku-uku ta wadatar.

Wannan magana takan ba masu karnuka mamaki, har ma da wasu likitocin. Shekaru da dama al'adar ita ce allurar shekara-shekara, ba don an gwada an ga kariyar na ƙarewa a wata goma sha biyu ba, sai don iyakar abin da kamfanoni suka gwada ke nan suka rubuta a jikin kwalba. Binciken masana irin su Ronald Schultz na Jami'ar Wisconsin ya nuna kariyar waɗannan cututtuka uku na daɗewa shekaru masu yawa. Abin da ya ƙara tayar da hankali kuwa daga kyanwa ya fito: a 1991 likitoci a Jami'ar Pennsylvania suka lura da wani mugun ƙari da ke tsirowa a daidai inda ake yawan yi wa kyanwoyi allura, tsakanin kafaɗu. Ba ya yawan faruwa, amma in ya fito yana da wuyar cirewa. Tun daga nan aka fara tambayar ko ana wuce gona da iri, kuma a 2003 ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka ta koma tsarin shekara uku.

Sai dai a nan akwai ƙulli. Kariyar lefto ba ta daɗewa, shekara ɗaya ce, ga shi kuma a kasuwarmu tana zuwa ne a haɗe da sauran. Likitan da ke son bin ƙa'ida sau da yawa ba ya samun ta lefto ita kaɗai, dole ya sake yin haɗin gaba ɗaya. Don haka in likitanka ya kira ka duk shekara, ba lallai ne neman kuɗi yake ba. Ziyarar shekarar ma tana da nata amfanin, a duba haƙora, a duba kaska, a ba da maganin tsutsa. Abin da bai dace ba shi ne a kasa yi maka bayani in ka tambaya.

Kyanwa, wadda ba mai kai ta asibiti

A gidajen Hausawa kyanwa ta fi kare shiga ɗaki nesa ba kusa ba. Tana kwana a gefen katifa, tana cin ragowar tuwo, yara na jan jelarta, tana haihuwa a bayan randa ko cikin kwali a sito. Amma da wuya ka ji wanda ya ce ya kai ta allura. Yawanci ma ba a ɗauke ta dabbar da aka mallaka ba. Ta zo ne da kanta, ta ga akwai ɓera, ta zauna.

Ita ma nata na dole uku ne. Akwai irin farbon kyanwa, wadda ke share 'ya'yan kyanwa cikin kwana biyu ko uku, uwar gida ta wayi gari ta tarar da su a sandare ta ce ai muzuru ne ya danne su. Sai ƙwayoyi biyu da ke haddasa murar kyanwa, da atishawa da ruwan ido da gyambon baki. Su ma a kwalba ɗaya suke zuwa, kuma jadawalin bai bambanta da na kwikwiyo ba: daga sati 6 zuwa 8, har sati 16, a ƙara a wata shida. Allurar murar ba ta hana kamuwa ɗungurungum, rage tsananin ciwon take yi, don haka kyanwar da ke yawo tana haɗuwa da wasu akan so a sabunta mata duk shekara, mai zaman ɗaki kuwa shekara uku. Akwai kuma FeLV, bairos mai karya garkuwar kyanwa har ya kai ga sankarar jini, wanda ƙa'idojin 2024 suka ce a yi wa ƙanana 'yan ƙasa da shekara ɗaya da manya masu fita waje a inda cutar take. Saboda batun ƙarin nan, yanzu a ƙafa ake son yi wa kyanwa allura, wasu ma a jela, ba a gadon baya ba.

Gaskiya ba kowane asibitin dabbobi ne ke ajiye haɗin kyanwa ba, don ba a nema. In ba a samu ba, ko kuɗi bai kai ba, to kada a bar ta haukan kare. Kyanwa na kamuwa, tana kuma sa wa mutum ta cizo ko yakushi, ita ce kuma ke hannun yara.

Tsakanin firji da fatar dabba

A ce an bi jadawali daidai. Saura tambaya ɗaya: abin da ke cikin kwalbar yana da rai kuwa? Haɗin DHLPP kwalba biyu ne ƙanana, kowace ba ta kai babban yatsa ba. Ɗaya na ɗauke da wani busasshen gari mai kama da ɓallin alli, ɗaya kuma ruwa. Likita zai zuƙi ruwan ya zuba cikin garin, ya juya a hankali har ya narke, ya ɗaga fatar dabbar ya soka nan take. Garin nan ƙwayoyin cuta ne masu rai da aka raunana, kuma dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa wannan lokaci. In an haɗa, ba a ajiyewa. Ta distemfa musamman ba ta jure jira. Ƙanƙarewa ma na ɓata wasu alluran kamar yadda zafi ke yi.

To a auna wannan da garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma ta yini ba ta zo ba. Kwalbar da ta lalace ba ta canza launi, ba ta wari. Wanda ya zaro maka ita daga aljihun riga ko daga ƙarƙashin kujerar babur, ruwa kawai ya ɗura wa karenka. Haka wanda ya raba kwalba ɗaya wa kwiyakwiyai biyu wai ƙanana ne: rigakafi ba a auna shi da nauyin jiki, ƙaramin kare da babba duk cikakkiyar kwalba ɗaya suke bukata. Akwai kuma masu yawo gida-gida su yi wa kare allurar ƙaiƙayi da tsutsa, ko ta kashe bakteriya, su karɓi kuɗi, mai gida ya zauna da yaƙinin an yi rigakafi.

Kati ne shaida. Kowace kwalba na da 'yar takarda a jikinta mai lambar rukuni da ranar lalacewa, wadda ake ɓarewa a manna a katin, likita ya sa hannu da hatimi. A Najeriya hukumar VCN ce ke yi wa likitocin dabbobi rajista, kuma ba rashin kunya ba ne mutum ya nemi ganin kwalbar na fitowa daga firji ko akwatin ƙanƙara. Likitan kirki zai fara auna zafin dabbar, don ba a yi wa mara lafiya rigakafi, zai kuma ce ka ɗan dakata bayan allurar ko fuska za ta kumbura. Kasala da ƙin cin abinci na yini ɗaya ba abin damuwa ba ne.

Inda lissafinmu ya sha bamban da nasu

Duk wannan muhawara ta shekara ɗaya ko uku, muhawara ce ta ƙasashen da yawancin dabbobinsu ke da kati. WSAVA kanta ta nanata cewa burinta shi ne a yi wa dabbobi da yawa allura, ko da za a rage yawan yi wa kowace ɗaya. A wurinmu abin ya juye. 'Yan karnukan Turawa da ke unguwannin masu hali ana yi musu har fiye da bukata, alhali karen mafarauci, karen ruga da karen da ke kwana a bakin mahauta, waɗanda su ne mafi rinjaye kuma su ne ke cuɗanya da yara, ba su taɓa ganin sirinji ba. A ganina duk wani shiri na rigakafin karnuka a Arewa da bai fara daga waɗannan ba, ado ne.

Dalili kuwa haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Ƙwayar na bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata biyu zuwa uku, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci shekara. Ciwon ya warke, an manta da karen, sai yaro ya fara firgita, ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. A gidaje da yawa iska za a ce, a nufi wurin malam ko mai magani, ya rasu a gida, babu wanda ya rubuta. In alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Akwai mai shiru, wanda muƙamuƙinsa ke sakin jiki, baki a buɗe, yawu na dalala. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu ya ciro. Makiyaya ma na yin haka da saniyar da kare ya ciza, su ɗauka wani abu ta haɗiya.

Wanda aka ciza, abu na farko ruwa ne da sabulu, a wanke ciwon minti goma sha biyar cur, sannan asibiti a ranar. Ba toka, ba gashin karen da aka ƙona, ba ɗaurewa. Tsofaffi na tuna allurai barkatai da ake yi a ciki, abin da har yau ke sa wasu gudu. Wannan ya wuce, yanzu 'yan kaɗan ne kuma a dantse. In ciwon ya yi zurfi akwai wani ruwan kariya da ake zubawa a cikinsa, wanda ke da tsada da wuyar samu. Shi kuwa karen, maimakon a bi shi da sanduna, a tsare shi kwana goma in zai yiwu ba tare da haɗari ba: in ya wuce su lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In an riga an kashe shi, kada a fasa kan, a kira malamin dabbobi, don ƙwaƙwalwar ake gwadawa. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana wannan gwaji, kuma tun shekarun 1950 take yin allurar haukan kare.

Allurar haukan da ake yi wa kare ita ce mafi araha cikin duk wannan. Ana yin ta daga sati 12, a ƙasarmu kuma akan sabunta duk shekara, ko da yake akwai nau'o'in da ke riƙe shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2018 jinyar wanda aka ciza ta ci kimanin dala 108 in an haɗa da kuɗin mota da aikin da aka rasa, abin da ya ninka kuɗin yi wa kare ɗaya allura sau da yawa. Kuma ba sai an samu kowane kare ba. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, aka kuma riƙe hakan shekara bayan shekara, cutar na rasa inda za ta taka. Da haka Meksiko ta zama ƙasa ta farko da hukumar ta tabbatar ta kawar da haukan da kare ke sa wa mutum, a 2019.

Ba sai an je Meksiko ba. A Njamena, babban birnin Chadi, hukumomin dabbobi na ƙasar da masu bincike daga Suwizalan sun yi gangamin allura kyauta a 2012 da 2013, suna kafa rumfuna unguwa-unguwa, suka haura kashi 70 ɗin a shekarun biyu. Cutar ta ɓace daga karnukan birnin tsawon watanni a 2014. Wani gwaji da aka yi a birnin tun kafin nan ya nuna abin da ya kamata gwamnonin jihohinmu su ji: lokacin da aka ce masu karnuka su biya, waɗanda aka kawo ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mafarauci mai karnuka takwas ba zai biya kuɗin allura takwas ba, kuma ba shi kaɗai allurar ke karewa ba, har da ɗan maƙwabcinsa. Aikin lafiyar jama'a ne, kamar allurar shan inna, ba hidimar mai kare ba.

Su mafarautan suna da nasu tsoron, cewa allura na kashe wa kare zuciya ko ta rage masa jin ƙanshi. Ba ta yi. Amma ba jami'in da ya sauko daga mota da farar riga ne zai gamsar da su ba. Mafarauta na da shugabanninsu, ruga na da arɗo, unguwa na da mai unguwa, kuma in sarkin farauta ya fara miƙa nasa karen, sauran za su biyo. Malamai ma na da abin faɗa: shari'a ta halatta ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta da cutarwar da za ta yi wa mutane na wuyansa. A irin wannan gangami ba a tsayawa tambayar shekarun kare. Shawarar hukumomin duniya ita ce a yi wa duk wanda aka kawo, har kwiyakwiyan da ba su kai wata uku ba.

Uzurin rashin wuta ma ya fara raguwa. Ita allurar haukan kare, yawanci ƙwayarta matacciya ce, ta fi DHLPP juriya. Bincike a Tanzaniya ya nuna wani nau'inta na riƙe ƙarfinsa wata uku a digiri 30, kuma masu binciken sun gwada ajiye ta a ƙauyuka cikin tukunyar ƙasa da aka sa a cikin wata, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Wannan dabara ita ce wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa don adana tumatir da ganye, har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ba kowace allura ce za a yi wa haka ba, sai wadda aka gwada.

Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare, Najeriya ma ta ƙaddamar da nata shirin na ƙasa a 2022. Duk ranar 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur, wanda ya fara yin allurar haukan kare, ya rasu a 1895, akan ga asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Zariya, Sakkwato da Maiduguri da ma'aikatun jihohi suna allura kyauta. Abu ne mai kyau, amma yini ɗaya a harabar ofis yakan tara karnukan da dama suna da kati. Karnukan ƙauye ba sa daɗewa a duniya, haihuwa kuma ba ta tsayawa, don haka garin da aka yi wa kashi 70 bana, baɗi da yawa daga cikin karnukansa sababbi ne.

Ga kuma zirga-zirga. A Njamena cutar ta dawo, kuma gwajin ƙwayar ya nuna daga wajen birni aka shigo da ita. Mu namu hanyoyin sun fi nasu yawa. Fatake na bin ƙauyukan Arewa har cikin Nijar da Chadi suna sayen karnuka, a loda su a mota zuwa kasuwar Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a Filato, daga can a wuce da su kudu. Masu bincike sun sha gano ƙwayar haukan a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka a irin waɗannan kasuwanni, karnukan da a ido lafiyarsu ƙalau lokacin da aka saye su. Motocin na ratsa jiha huɗu ko biyar, kuma da wuya a tsayar da su a nemi katin allura.